Ba a Danna Harafi

Litinin, huɗu ga wata

Zuwa ga Kabon,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da yaron naka da matarsa da jikoki. Ni ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba na gwiwa da baya.

Takardarka ta iso ta hannun direba ranar Juma'a. Layi tara, na ƙirga. Shekara ashirin da takwas muna ofis ɗaya, ni a kan tafireta kai a ɗakin fayil, ban taɓa saninka da gajeriyar magana ba. Yau kuma layi tara, su ma ba da hannunka ba, inji ne ya fitar. Ina rubutun nan naka mai kama da inda kaza ta yi tono? Shi na fi so.

Cikin layi taran kuma biyar tallar waya ce. Wai in bar Kunkuru in koma Fiffike. Ba a banza muka sa maka Kabon ba, duk abin da aka buga a takardar sama sai ya fito a jikinka. Ranar da babban akawu ya ɗaura agogo a hannun dama, washegari ka juya naka. Yanzu yara sun ce Fiffike, kai ma da furfurarka ka bi sahu.

To, saurara. Kamfanin da ke sa hoton kunkuru a bayan kayansa shi ya ƙera tafiretar da nake buga maka wannan, shi ya ƙera injin lissafin ofishinmu, shi ya ƙera wayar da ke aljihuna shekara goma sha huɗu. Ta taɓa faɗawa cikin bokiti, na shanya ta a taga, ta tashi. Caji ɗaya, kwana shida. In ka buga maɓallinta sai ka ji ta amsa maka a yatsa.

Irin kayan naku kuwa na gan su da idona. Ɗana ya zo watan jiya, kwana biyu, da kwamfutarsa ta Fiffike, siririya kamar murfin tukunya. Na ce bari in gwada. Na ɗora yatsu, haruffan ba sa nutsewa, kamar mutum yana buga tebur. Na juya ta ina neman inda ake kwancewa a gyara, babu ko noti ɗaya. Ya ce ai ba a buɗe ta, in ta mutu sabuwa ake saye. Yana faɗa yana murmushi sai ka ce yabon ɗansa ake yi. Jikata kuwa ta ɗaga Kunkuru da yatsa biyu ta ce, "Kaka, wannan a gidan tarihi ka samo?" Na ce e, kusa da inda suka ajiye ni. Suka yi dariya, kowa ya sunkuyar da kai ga gilashin wayarsa, haka har suka tafi.

Tun tafiyarsu gidan ya koma yadda ka sani. Kujerar marigayiya matata tana nan bakin taga. Da safe in buɗe ƙofa, in leƙa in gaisa da telan da ke ƙasa, in dawo in zauna. Da la'asar in rufe. Cikin mu bakwai na ofishin nan saura ni da kai, saboda haka kada ka ƙara aiko min da layi tara. In kuma ka aiko da wayar gilashin nan kamar yadda kake barazana, ka sani abin da za ka ji daga gare ni shiru ne.

Ka gaida gida, tsohon banza kawai.

Naka,
Yatsa Goma


Asabar, sha shida ga wata

Zuwa ga Yatsa Goma,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka.

Shafi biyu a kan kunkuru! Ai kun dace da juna, ku biyun ba mai sauri, ba mai jin kira. Sau nawa na kira ka cikin wata ukun nan? In ka ɗauka sai "Eh? Eh? Wa ke magana?" sannan ka ce layi ba kyau ka kashe. Layin kowa da kyau sai naka.

Ka ce na bi yara. Na bi, kuma ban yi nadama ba. Fiffike ba kyan jiki kaɗai gare ta ba. In na ce mata ta kira wane, sai ta kira. Tana faɗa min ƙarfe nawa. Tana karanta min labarai ina kishingiɗe. Kunkurun naka ya taɓa ce maka ko sannu? Batirinta ba ya kai yamma, na yarda, kuma duk shekara biyu sai sun canza bakin caja don mugunta. To ni ma ai ba na kai yamma sai na kwanta.

Ga tsohuwar tawa nan cikin kwalin da direba zai ba ka, surukata ta shirya komai. Ka kai wa telan naka ya haɗa ta da intanet ɗin shagonsa. Akwai hoton makirfo a ƙasa, da shi ake saƙon murya. Kai ka faɗa lokacin da ka so, ni in ji lokacin da na so, sau nawa na so. Na riga na ajiye maka ɗaya a ciki.

Batun gajeren rubutu, ka yi haƙuri da shi, takarda ta fara yi min nisa. Muryarka nake so, ko da zagi ne.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Kabon


Laraba, ashirin da bakwai ga wata

Kabon,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya.

Kwali ya iso. Ga ra'ayina, tun da ba ka nema ba. Abu ne mai santsi kamar sabulu, sau biyu tana zamewa daga hannuna kafin in kai ta tebur. Babu murfin batir. Babu wurin da yatsa zai kama. Wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin hannun tsoho ba, ko kuwa ya gani bai damu ba. Na sa ta a aljihun tebur tare da ribin ɗin tawada na tafireta, ta yi kwana shida a can.

Ranar Lahadi aka wuni ana ruwa, babu mai wucewa a layinmu, ko mai burodi bai zo ba. Na zauna har na gaji da kallon bango, sai na ɗauko ta na sauka wurin tela. Da ya gan ta a hannuna ya ce, "Baba, kai ne da Fiffike? Shi ya sa aka yi ruwa!" Na ce masa ajiya ce. Ya ce, "Ajiya, shi ya sa ka goge ta da hannun riga." Ya haɗa ta, ya nuna min makirfon da allura a bakinsa, ya ce, "Ka danna nan ka yi magana, shi ke nan," ya koma kan kekensa.

Na hau sama na rufe ƙofa, na ƙure ƙarar, na manna ta a kunnen dama. Kabon, shekara huɗu rabon da mu zauna wuri ɗaya. Muryarka ta tsufa. Amma gyaran muryar nan da kake yi kafin ka yi ƙarya tana nan, ka yi ta daidai inda ka ce ba ka kewata. Na saurara sau goma sha ɗaya. Inda ban kama ba sai in mayar baya. Wannan abu ɗaya Kunkuru ba ya yi, kuma in ka faɗa wa kowa na faɗi haka zan musa.

Tun ranar nake aiko maka, ɗaya bayan shayin safe, ɗaya da la'asar. Ina ganinsu suna jeruwa a gilashin, wani ƙarƙashin wani. Da farko murya ta ƙi fita, sai na lura ashe kwana da kwanaki ba na faɗin abin da ya wuce "ina kwana" da "sai da safe". Yanzu kuwa in na fara ba na iya tsayawa, har shayin ya huce.

Ba ka amsa ko ɗaya ba tukuna. Na ɗauka batirin naku ne da ba ya kai yamma. Ina nan ina jira.

Naka,
Yatsa Goma


Talata, tara ga sabon wata

Kabon,

Sallama, don ita ba a hana ta.

Kwana goma sha shida ina yi maka magana safe da yamma. Jiya amsarka ta zo. Na saurara sau uku don in tabbata kunnena bai yi min ƙarya ba. "Wannan wane irin iskanci ne? In ba ka so, ka mayar min da wayata."

Iskanci. Na faɗa maka abin da ban faɗa wa ɗan da na haifa ba. Na faɗa maka yadda na zame a banɗaki wata biyu da suka wuce, na kwanta a kan siminti tun hantsi har bayan azahar, ina jin girgizar keken tela ta ƙarƙashina, ina kira ba mai ji, Kunkuru yana kan tebur taku shida daga hannuna. Na faɗa maka abin da na yi tunani a kwancen. Na faɗa maka maganar da marigayiya ta yi min a asibiti, wadda na riƙe shekara biyu ni kaɗai. Waɗannan ba sa buguwa da yatsa. Tafireta ta saba da "bisa ga takardarku mai lamba kaza". Da baki na faɗa, kuma kai ne ka ce muryata kake so.

Na san ni na fara zagin wayarka. Amma ban zaci son kamfani zai kai ka ga ramawa a nan ba. Da yau na ba direba kwalinka, sai dai cajar tana shagon tela, shi kuma ya rufe ya tafi sayen zare. In direba ya dawo ranar Asabar zai kawo maka. Ba ta da ko ƙwarzane.

Yatsa Goma


Alhamis, sha ɗaya ga wata

Zuwa ga Baba, aminin Babanmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin girmamawa. Ni ce matar ɗansa. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, amma na san ka fiye da yadda kake zato, domin duk takardar da ka aiko cikin shekara biyun nan ni ce na karanta masa. Ba da saninsa nake rubuta wannan ba. In ya ji zai yi fushi, na ɗauka.

Babanmu ba ya gani. Idon hagu ya tafi tun bara waccan, na dama kuma haske da duhu kaɗai yake rarrabewa. Ya hana a faɗa maka. Ya ce in ka ji za ka daina zaginsa ka koma yi masa sannu, kuma masu yi masa sannu sun ishe shi. Shi ya sa ya manne wa wayar nan. Ko tambarin da ke bayanta ba ya gani. Ita kaɗai ce a gidan nan zai tambaya sau ashirin ba ta ƙosa ba. Gajartar takardunsa kuma laifina ne. Aikin asibiti nake yi, in ya ji na dawo a gajiye sai ya ce, "'Yata, rubuta masa layi kaɗan kawai."

Akwai laifi na biyu. Baba, ta yaya zan zauna gaban surukina in ce masa "tsohon banza"? Duk inda ka sa haka, "abokina na ƙwarai" nake karantawa. Ran nan har ya ce, "Anya mutumin nan lafiyarsa? Ya fara ladabi."

Ga ainihin maganar. Da takardarka ta iso jiya na fara dubawa ni kaɗai kamar yadda na saba, sai na ɗauki wayarsa na buɗe. Saƙo talatin da ɗaya ne suka zo daga gare ka. Kowanne daƙiƙa ɗaya. Babu komai ciki sai ƙas, sai jan numfashi irin na wanda zai fara magana, shi ke nan ya yanke. Da ya nuna min tun farko da na gane, amma bai nuna ba. Kullum in ta yi ƙara sai in ga ya gyara zama ya kai ta kunne. Kwanakin farko dariya ya yi, ya ce kana cika alkawarinka na shiru. Daga baya ya daina dariyar. Bai ji labarin faɗuwarka ba, bai ji komai ba. Takardar taka tana jakata, na ce masa direba bai zo da komai ba, Allah ya yafe min.

Don Allah ka faɗa min yadda kake yi da hoton makirfon. Yatsa ake ɗorawa a bar shi a kai har a gama magana. Da an ɗaga, saƙon ya yanke ya tafi.

Kada ka ba direba kwalin. Tun shekaranjiya Babanmu bai tambayi wayarsa ko ƙarfe nawa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka


Lahadi, sha huɗu ga wata

'Yata,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki yadda kike yi masa.

Na karanta takardarki a tsaye bakin ƙofa, direba yana jiran kwali. Na ce masa ya tafi. Na daɗe a zaune bayan nan. Mutumin da yake hango lambar fayil daga bakin ƙofa tun kafin ya shiga ɗaki. Ni kuma na zauna na buga masa cewa rubutun hannunsa nake so, ke kuma kika karanta masa.

Kin tambayi yadda nake yi. Ina ɗan shekara goma sha bakwai aka kai ni koyon tafireta. Malaminmu yana zagayawa da rula a hannu, maganarsa ɗaya ce: "Ba a danna harafi. Bugawa ake yi a ɗaga, kamar ka taɓa garwashi." In ka bar yatsa a kai ƙarafan sai su sarƙe, rula kuma ta sauka. Fiye da shekara sittin ke nan. Tela ya ce in danna, na ji shi sarai, amma hannu ya yi abin da ya sani. Na buga, na ɗaga, na gyara zama na yi ta zuba.

Za ki ce me ya hana in saurari nawa in ji ko ya ɗauka. Na gwada, 'yata, ban ji komai ba, sai na ce kunnena ne. Tun da kin tona na Babanki, ga nawa. Kunnen hagu ya mutu shekara uku, na dama saura rabi. Layi bai taɓa lalacewa ba. In aka kira ni a Kunkuru magana takan wuce kafin in kama ta, sai in zagi layi in kashe. Shi ma Kunkurun, rabin yabon da nake yi masa don kada a ba ni wata ne, a gane ba daga waya ba ne.

Tun jiya nake koyo. Yatsan yana kaiwa daƙiƙa uku sai ya tashi da kansa. Na danne shi da ɗaya hannun, na kai goma sha biyu. Tela ya fara dariya, da ya dubi fuskata sai ya ajiye almakashi ya zo ya zauna. Muka bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, duk sun ci rula. Sai babban yatsan hagu. A tafireta ba shi da aiki, na dama ne ke buga tazara, shi kuwa zaman banza ya yi duk rayuwarsa. Na ɗora shi, ya zauna daram har tela ya ƙirga ɗari. Ashe sunan Yatsa Goma kawai na ci, tara nake aiki da su.

Abin da ke damuna yanzu ba yatsa ba ne. Na riga na faɗi maganar nan sau ɗaya, duka, ga bango da kujera. Ban sani ba ko irinta tana fitowa sau biyu. Yau da safe na ɗora yatsa na buɗe baki, ban samu komai ba, na ɗaga. In ya ji wani ƙas ɗin, ki ce masa ya yi haƙuri. Zan sake gwadawa gobe, in ta ƙi jibi.

Takardar da ke jakarki ki yaga ta. Kada ki faɗa masa na san maganar idonsa, ni ma ba zan yi masa sannu ba. Zagin kuma ba zai ƙara bi ta bakinki ba, na ɗauke miki.

Ki gaida maigidanki da yara.

Babanki


Alhamis, sha takwas ga wata

Baba,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso jiya da hantsi, minti bakwai da 'yan daƙiƙu. Ina ɗakin ina ba shi magani. Da ya ji kalma biyun farko sai ya tsayar, ya ce, "'Yata, fita ki ja min ƙofa."

Ban san abin da ka faɗa ba, kuma ban tambaya ba. Bai fito ba sai azahar. Daga baya na ji muryarsa ta bayan ƙofa tana tashi tana sauka, ya daɗe, don haka ka sa wayarka a caji kafin ka fara saurare.

Ya ce in gaya wa direba ba sai ya ƙara tsayawa a ƙofarmu ba. Ban gaya masa ba tukuna, ko za ka so ka riƙa rubuto min ni.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka